Malami, Fatoman Zomaye

Mutanen da wannan labari ya shafa ba su da yawa, kuma ga su tun da fari domin kada mai karatu ya wahala. Akwai Malami, fatoma a garin Illo, wato mai saukar da baƙi. Akwai matarsa Barira, wadda kuma 'yar ƙanen mahaifinsa ce. Akwai Sambo, ƙanen Barira, mai sayar da gishiri a wata tunga ta hayin iyaka, cikin ƙasar da a lokacin ake kira Dahome, yau kuwa Benin. Akwai Oladipo, malamin asibiti a Bagudo, da Hassan, jandarma mai tsaron iyaka, da wani Baturen likita da aka yi wa laƙabi da Dogon-Wuya. Ta ƙarshe ita ce Dela. Dela zomanya ce.

Gidan su Malami gidan fatomai ne tun zamanin da fataken goro suke bi ta Illo zuwa Gwanja. Kakansa ya taɓa saukar da wani falke, aka kawo wa falken fura daga maƙwabta, ya sha, bai ga la'asar ba. Tun daga ranar kakan ya kafa wa zuriyarsa doka mai rassa uku. Na farko, babu abin da zai shiga bakin baƙo sai mai gida ya ɗanɗana shi a gabansa, kowace rana, ko da ruwan randa ne. Na biyu, abin da mai gida ya haɗiye ya halatta ga baƙo, abin da ya tofar kuwa ya haramta gare shi muddin yana ƙarƙashin wannan rufi. Na uku, baƙo ba ya barin gida sai mai gida ya sallame shi. Jikokin duka sun tashi da wannan doka, na Illo da na hayin iyaka, amma babu wanda ya riƙe ta da haƙori kamar Malami.

A shekarar da ta gabaci mulkin kai, Dogon-Wuya ya sauka a bakin kogin Kwara da kwale-kwale cike da akwatunan waya, kowane akwati da zomo a ciki. Shi kansa ya sauka a bariki, amma zomayen suna bukatar inuwa mai sanyi, ɗakin baƙin Malami kuwa ya daɗe babu kowa, domin fatake sun koma hawan mota. Sai mai gari ya ce a kai su can. Aka jera akwatunan inda fatake suke shimfiɗa buzu. Malami ya tsaya a bakin ƙofa ya dube su. Sun zo daga nesa, sun ƙetaro ruwa, an sauke su a ɗakin baƙi da umarnin mai gari. Bai ga ta inda za a ce ba baƙi ba ne. Ya yi musu sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma raɗa wa mace ɗaya tilo da take cikinsu suna Dela, tun da maza suka rigaye ta fitowa daga jirgi.

Zomayen duka suna da makero. Gashinsu ya zube a wurare, ya bar fata da'ira-da'ira mai ɓawo kamar garin rogo. Dogon-Wuya ya buɗe wani gwangwani mai farin gari, ya dama da ruwa, ya nuna yadda ake riƙe kunnuwa a ɗura da cokali. Kafin cokali ya kai bakin zomo na farko, Malami ya karɓe shi da ladabi ya kai nasa baki.

Ɗacinsa kamar an jiƙa ɓawon maɗaci a matsarmamar bijimi. Hawaye ya taru a idonsa. Ya so ya tofar. Amma ga Bature tsaye, ga mai gari, ga masinja, kuma ya ji kunyar a ce fatoman Illo ya raina abincin da aka kawo daga Turai. Ya haɗiye. Dogon-Wuya ya yi dariya har ya riƙe ciki, yana zaton wasa ne na rana ɗaya.

Da damina ta kusa, Bature ya ce zai tafi hutu.

Ya ce ta bakin masinja, "Ka ci gaba da ba su kullum da safe. Kada ka fasa har in dawo."

Malami ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Muddin ɗayansu na numfashi, kuma hannuna na kaiwa, ba ni fasawa."

Dogon-Wuya ya shiga jirgi. Ba a sake ganinsa ba.

Da fari abin ya zama abin alfahari. Makeron ya mutu, gashi ya fito fari sol, zomayen suka yi sheƙi kamar an goge su da man shanu. Malami kuwa, da yake kowane zomo baƙo ne mai zaman kansa, sai ya ɗanɗana wa kowanne nasa cokali dabam. Wani kyasfi da ya yi shekaru a wuyansa ya ɓace. Fatarsa ta yi sumul har matan unguwa suka riƙa tambayar Barira irin sabulun da take saya masa.

Dahome ta sami mulkin kai. Ba da jimawa ba Nijeriya ma ta samu. Aka sauke tuta aka ɗaga tuta, aka yi kiɗa a ƙofar mai gari, Turawa suka tattara akwatunansu. Malami ya je bikin, amma sai da ya gama ɗura wa baƙinsa magani. Abu ɗaya ne bai canza ba: lokaci-lokaci kwale-kwale yakan sauke sababbin gwangwanaye a bakin ruwa, domin an manta da wanda zai ce a daina aikowa.

Bayan kaka ta biyu zomayen suka fara ƙishirwa. Su sha kasko guda, su waiga suna neman ƙari. Ƙasan akwatunan ba ya bushewa da fitsari. Suka rame a ƙarƙashin gashin nan mai kyau, ta yadda in ka ɗaga zomo sai ka ji kamar ka ɗaga hular ulu. Daga nan sai fitsarin ya ɗauke, zomo ya kumbura, ya kwanta, ya mutu yana sheƙi. Malami ya binne su a bayan gida, kowanne da raminsa.

Shi ma ya fara shan ruwa kamar raƙumin da ya fito daga hamada. Ƙugunsa ya riƙa sara ta gefe biyu. Da safe idanunsa su kumbura, da yamma ƙafafunsa su ƙi shiga takalmi.

Barira ta ce, "Maigida, wanga ciwo naka da na baƙinka uwarsu ɗaya."

Ya ce, "Mi kika sani ga ciwo? Sanyin kogi ne."

"Awo, sanyin kogi. Kogin da ke cikin gwangwani."

Ran da wani babban namiji cikin zomayen ya mutu, ta naɗe shi a tsumma kafin Malami ya ɗauko fartanya, ta ce ko dai ya bi ta Bagudo ko ta tafi ita kaɗai da gawar. Bai iya barin gawar baƙo ta yi tafiya ba rakiya ba. Suka ƙetare Kwara.

Oladipo mutumin Kudu ne da ya daɗe a Bagudo har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya danna ƙafar Malami da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya nemi izinin buɗe zomon. Malami ya ce ba a yanka baƙo. Oladipo ya ce ai ba yanka ba ne, tambayarsa za a yi abin da ya kashe shi, kuma haƙƙin mai masauki ne ya sani. Malami ya yarda, amma ya juya baya.

Can Oladipo ya ce, "Baba Malami, juyo ka gani."

A kan faranti ga ƙoda biyu. Barira, wadda ta sha gyaran kayan ciki, ta ja numfashi. Ƙodar lafiya ja ce mai duhu, mai santsi. Waɗannan kuwa sun koɗe sun yi fari-fari, sun tsuke, bayansu ya yi kurji-kurji kamar busasshen goro.

Oladipo ya ce, "Maganin nan yana kashe makero, babu shakka. Amma ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma duk fitar da zai yi sai ya ɗan ƙone hanya. In an sha na ɗan lokaci aka daina, hanyar ta warke. In ba a daina ba, ga abin da ake samu. Baturen nan abin da ya zo nema ke nan, ya ga ranar da maganin zai fara cutarwa. An ajiye zomayen ne su sha a madadin mutane. Kai kuma, Baba, ka zo kana sha a madadin zomaye."

Malami ya ce, "To, ai ka ga an yi adalci."

"Naka ƙodojin sun kama hanyar waɗannan. Ko cokali ɗaya ka ƙara, rami kake ƙara wa kanka. Ka daina yau."

"Ni ba majinyacinka ba ne, Malam. Gawa na rako. Ka ba ni umarnin mai zomaye, ko na wanda ya gaje shi, in daina kafin in tashi daga kujerag ga."

Oladipo mutum ne mai haƙuri. Ya aika tambaya sama, wa ya gaji zomayen Dogon-Wuya? Ma'aikatan lafiya suka ce su mutane suka gada. Ma'aikatan dabbobi suka ce dabba a wurinsu ita ce wadda ake biya wa jangali, kuma ba su taɓa jin jangalin zomo ba. Ma'aikatan gandun daji suka ce zomon daji nasu ne, amma wanda yake cikin akwati ya fita daga daji. Wani babban akawu ya ce abin da ya fi dacewa a jira Baturen ya dawo daga hutu.

Kafin amsoshin su gama isowa, zomayen sun ƙare, saura Dela. Ta rame, tana sha tana zubarwa, amma ta ƙi mutuwa. Kowace safiya Malami yakan jawo ƙafafunsa zuwa ɗakin baƙi, ya yi sallama, ya dama gari, ya sha nasa cokali, ya ɗura mata nata. Yana son ta rayu, domin amana ce. Ya kuma san muddin tana raye sai ya sha. Bai ga wani saɓani a cikin wannan ba.

Barira ta gani. Wata rana ta bar ƙofar akwati a buɗe, ta bar ta zaure ma a buɗe. Dela ta fito, ta yi tsalle har bakin titi, ta dubi Illo gabas da yamma, ta juyo ta tafi gindin randa ta sha ruwa, ta koma akwatinta. Barira ta aro kyanwar maƙwabta ta kulle su tare. Da aka buɗe, aka tarar kyanwar a saman katanga tana kuka, Dela tana cin ganyen wake.

Malami ya ce, "Barira, na san abin da kike yi. Kunya ba ta kama ki? Baƙuwa, mace 'yar'uwarki?"

Ta ce, "'Yar'uwata ba ta da kunnuwa haka. To kai sallame ta mana, tunda doka ta ba ka."

"Wanda ya kawo ta ne ka ɗaukar ta. In sallame ta zuwa ina?"

Barira ta koma bakin turminta. Ta yi kwanaki tana daka, tana duban ƙafafun Malami da suka zama kamar turame. Sai wata safiya ta ce an aiko daga tungar Sambo, matarsa ta sauka, ana son su a wurin suna. Malami ya ce ba ya iya barin baƙuwa ita kaɗai. Barira ta ce wa ya ce a bar ta, ai jaki yana ɗaukar mutum da akwati da gwangwani. Ya yi mamakin sauƙin da ta nuna, ya ɗauka ta tuba.

A bakin iyaka akwai wata rumfa da sanda a gicciye, da jandarma Hassan a zaune yana korar ƙuda da hularsa. Sabuwar ƙasa ce, sabuwar riga, kuma tun safe babu wanda ya wuce sai mata masu kifi. Ya miƙe da murna.

Ya nuna akwati ya ce, "Wannan kaya ne ko nama?"

Malami ya ce, "Ba ko ɗaya. Baƙuwa ce."

"Baƙuwar wa?"

"Tawa. Amma ta gwamnatin Ingilishi ce. Likitansu ya kawo ta aiki, ya tahi hutu, ita tana nan bisa aiki."

Hassan ya sunkuya ya leƙa. Dela ta dube shi da jajayen idanu ba ta ƙifta ba.

Ya ce, "Wato ba a sallame ta ba?"

"Ba wanda ya sallame ta."

"Ashe ita kaɗai ta rage cikin ma'aikatan Ingilishi a duk yankin nan." Ya yi tunani. An koya masa abin da ake yi wa kaya, da abin da ake yi wa nama, da abin da ake yi wa babban ma'aikacin wata ƙasa. Ya gyara hula, ya haɗa dugadugai, ya sara wa akwati, ya ɗaga sanda. Jaki ya wuce.

Sambo ya tarye su a ƙofar gida, gajere mai tumbi, gemunsa fari da ƙurar gishiri. Tsakaninsa da Malami akwai wasan ƙanen mata.

Ya ce, "Kai, mijin Yaya! Waɗanga ƙafafu naka ne, ko na giwa ka aro?"

Malami ya ce, "Na giwa ne, na zo in taka maka tumbi. Ina jaririn?"

Sambo ya dubi Barira. Barira ta dubi sama. Ta ce ashe mai aiken ya yi gaggawa, matar ba ta sauka ba tukuna, amma tunda an zo an zo. Aka sauke Malami da Dela a ɗakin baƙi, aka kawo ruwa, Sambo ya kurɓa a gabansu kamar yadda doka ta ce, suka sha.

Da gari ya waye Malami ya ɗauko gwangwani, ya dama gari, ya cika cokali, ya ɗaga zuwa bakinsa. Barira tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙo Sambo ta hannun riga.

Ta ce, "Maigida, tsaya. Gidan wa muke?"

Cokali ya tsaya a iska.

"Gidan Sambo."

"Wa ke ɗanɗana wa baƙo a gidan Sambo?"

Malami ya sauke cokali. Ya bi dokar kakansa daga tushe har rassa, ya nemi ƙofa bai samu ba. A nan shi ba fatoma ba ne. Shi baƙo ne, Dela baƙuwa ce, kuma hannunsa ba ya kaiwa bakinta sai ta bakin mai gida. Ya miƙa wa Sambo cokali.

Ya ce, "Sambo, ƙanena, don girman Kaka ka haɗiye. Ɗaci ne kawai. Rufe ido. Ni na yi shekaru ina sha."

Sambo ya ce, "Na ga alama." Ya dubi ƙafafun, ya dubi cokali, ya dubi yayarsa. "Yaya, mi an nan ciki?"

Barira ta ce, "Ɗanɗana ka ji. Ni ban ce ka haɗiye ba, ban ce ka tofar ba. Amma in ka haɗiye, kullum ne."

Sambo mutum ne da ko kunun tsamiya sai an zuba masa zuma. Ya kai cokali baki da niyyar ya yi wa mijin yayarsa kara. Niyyar ba ta wuce harshe ba. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya fesar da maganin har bangon ɗaki, ya fita da gudu yana kiran a kawo masa ruwa, a kawo dabino, a kawo liman.

Barira ta ce, "An tofar. Kowa ya gani."

Malami ya dubi fesin a bango yana gangarowa. Ya ce a ɗaura wa jaki kaya yanzu, su koma Illo inda bakinsa yake da iko.

Barira ta leƙa tsakar gida ta ce, "Sambo! Ka sallame su?"

Sambo yana kurkure baki. Ta sake tambaya da wata murya da ya sani tun yana yaro.

Ya ce, "Ban sallama ba."

Haka Malami ya wayi gari bai sha magani ba, kuma bai karya alkawari ba. Ya zauna a gaban akwati ya ba Dela haƙuri, ya bayyana mata cewa an fi ƙarfinsu ta hanyar doka. Dela ta ci ganye.

Bayan 'yan makonni Oladipo ya zo a kan keke, Hassan ya bar shi ya wuce da ya ji likitan ma'aikaciyar Ingilishi ne. Ya danna ƙafar Malami, ta lotsa ta taso a hankali. Ya ce abin da ya ƙone ya ƙone, ba zai dawo ba, amma abin da ya rage zai iya riƙe shi shekaru in ba a ƙara masa wuta ba. Sharaɗi biyu ne: kada ya sake kusantar gwangwanin, kuma kada gishiri ya shiga abincinsa.

Sambo ya ce, "Kada mi?"

"Gishiri. Ko kaɗan."

A gidan da buhunan gishiri suka kai rufi aka fara dafa miya lami. Kuma da yake babu abin da zai shiga bakin baƙo sai mai gida ya ɗanɗana, safe da rana da yamma Sambo yakan zo ya durƙusa, ya ɗebi lomar tuwo da miyar da ba ta da rai, ya tauna. Bai isa ya tofar ba, domin in ya tofar baƙo zai kwana da yunwa. Malami yakan zuba masa ido har ya haɗiye, sa'an nan ya ce, "Yaya ka ji ta yau?"

"Kamar jiya. Kamar ruwan wankin ƙwarya."

"Madalla. Allah shi saka."

Da damina ta zagayo Sambo ya sami yayarsa a madafa ya ce ya gaji, zai sallame su. Barira ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce ya sallama, babu laifi, amma ya sani ran da suka taka Illo mijinta zai ɗauki cokali, kuma in ya mutu ita da 'ya'yanta nan za su dawo, su da zomanyar, har abada. Sambo ya koma ya tambayi Oladipo shekara nawa zomo yake yi a duniya. Oladipo ya ce ya danganta da kulawa. Sambo ya dubi yadda Malami yake tsince wa Dela ganye ɗaya-ɗaya yana share musu ƙasa da hannun riga, ya fita.

Makero ya dawo wa Dela. Gashin nan mai sheƙi ya zube, ta yi faci-faci kamar tsohuwar tabarma, yaran tunga suna gudu in sun gan ta. Amma ta yi nama, ƙishirwar ta ragu, ta fara tsalle. Kyasfin Malami ma ya dawo wuyansa, ya zauna daidai inda yake da. Barira ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya yi mata kyau kamarsa ba.

Dela ta yi shekaru. Aka yi juyin mulki a Dahome, aka sake yi, aka yi a Nijeriya, Hassan ya canza hula sau da yawa, amma duk ranar kasuwa yakan biyo ya sara mata. Matar Sambo ta haihu da gaske, ta sake haihuwa, yaran suka tashi suna zaton kowane gida yana da baƙo da zomo. Sambo ya rame, tumbinsa ya tafi, Oladipo ya ce bai taɓa ganin mai gishiri da lafiyar jini irin tasa ba, Sambo ya ce ya riƙe yabonsa.

Wani hantsi aka tarar da Dela kwance a gindin randa, ta tsufa, ta mutu. Malami ya zauna a gabanta har azahar. Ya aika aka kira Oladipo, wannan karon shi da kansa ya ce a tambaye ta, kuma bai juya baya ba. Ƙoda ɗaya ta tsuke ta koɗe kamar na 'yan'uwanta. Ɗayar tana da tabo, amma ta girma ta yi ja, ita ta ɗauki aikin biyu duk shekarun nan.

Malami ya dafa ƙugunsa ya ce, "Nawa ma haka suke?"

Oladipo ya ce, "Ba na so in buɗe in gani, Baba. Amma ga ka tsaye da ƙafarka."

Aka binne ta a bayan gidan Sambo. Hassan ya zo cikin cikakkiyar riga. Ba a gama mayar da ƙasa ba Sambo ya ce, "Na sallame ka! Na sallame ka, mijin Yaya, gaban shaidu!" Ya shiga rumbu ya fito da dunƙulen gishiri yana lasa kamar akuya.

Malami ya koma Illo da ƙafarsa, jaki yana biye da akwati babu kowa. Ya tarar ɗakin baƙi cike da gwangwanaye har rufi, domin kwale-kwale bai fasa kawowa ba, maƙwabta kuwa suna ta jerawa. Barira ta tsaya tsakaninsa da ƙofar.

Ya ce, "Kauce, ba sha za ni yi ba. Babu mai numfashi, babu alkawari." Ya leƙa ya dube su daga ƙasa har sama. "Amma fa sun zo daga nesa, kuma sun ƙetaro ruwa."

Barira ta ja ƙofar ta sa kwaɗo, ta ɗaura mabuɗin a bakin zanenta. Ta ce waɗannan baƙi ba sa ci ba sa sha, saboda haka babu abin da za a ɗanɗana musu. Malami ya auna maganar ya ga ta yi daidai da doka. Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofar ya yi musu ina kwana, sa'an nan ya tafi ya ci tuwonsa lami. Ya ga auren jikokinsa.

Iyakar abin da ya zo hannu ke nan game da Malami da baƙuwarsa. In an sami inda aka sa wani gari a gefen kogin da ba nasa ba, ko aka gabatar da abin da ya kamata a jinkirta, ko aka faɗi wani abu game da ƙoda wanda masana suka san ba haka yake ba, ina roƙon mai karatu ya gyara da alƙalaminsa, ya kuma yafe.